Gidan da Auta Ya Zana

Akuya ta uku ce ta ƙi fita. Biyun farko da ya daka musu tsawa sun bi ta ƙofa salin-alin, amma wannan, wata baƙa mai tsohon ciki, ta tsaya a tsakiyar falon tana tuƙa tana kallonsa kamar shi ne ya shigo mata gida ba sallama. Dakta ya ajiye jakarsa, ya naɗe hannun kwat, ya kama ta a ƙaho. Ya ja, ta turje. Ya ƙara ja, takalminsa ya zame a kan abin da bai so ya duba ba, sai ga malamin jami'a zaune daɓas a kan buhun albasa.

Buhun ba ɗaya ba ne. Sun fi ashirin, an jera su a jikin bango har gindin taga. A kusurwar da ya ware don kujerar hutawa, wata kaza ce kwance a kan ƙwai cikin tsohon kwano. An ɗaura igiya daga wannan ginshiƙi zuwa wancan, an shanya kayan jarirai, shi kuwa a iya saninsa mahaifiyarsa ta wuce shekara saba'in.

Falon nan ba falon banza ba ne. Hotonsa ya fito a mujallu biyu, ya ciyo lambar yabo, kuma da shi Dakta yake buɗe darasinsa na farko kowace shekara. Shekararsa goma sha ɗaya a sashen zanen gine-gine yana koyar da kwas ɗaya tal, na gini mai tausayin mutane da muhalli. Ɗalibai suna ce masa Malamin Iska, saboda ba ya minti biyar bai ambaci inda iska take shiga ɗaki da inda take fita ba. Ranar da ya ba su maki kaɗan kuwa, sai su cire Malamin su sa Ɗan. Ya sani, bai damu ba. Yana da hujjar da ta fi bakinsu: gidan da ya zana wa mahaifiyarsa da tubalin ƙasa, mai kaurin bango, mai tankin tara ruwan sama, wanda ko fanka ba ya buƙata. Yakan haska hoton a allo, ya ce musu mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka kada wanda ya ja layi ɗaya a takarda kafin ya zauna da wanda zai kwana a ginin.

Shugaban sashen bai taɓa yarda da wannan ba. Gilashi ake kiransa, domin ko makewayi aka ba shi ya zana sai ya lulluɓe shi da gilashi ya cusa masa na'urar sanyi. Ya daɗe yana neman a soke kwas ɗin a mayar da ajin ɗakin kwamfuta, yana cewa iyaye ba su turo 'ya'yansu jami'a don su koyi kwaɓa laka ba. A makon nan kwamitin tantance kwasa-kwasai ya iso, kuma jiya da yamma shugabar kwamitin, wata dattijuwar Farfesa mai dogara sanda, ta ce ta gaji da hotuna, gani ya kori ji, a kai ta gidan gobe da ƙarfe goma sha ɗaya tare da ɗaliban. Dakta ya kira Inna ya fi sau goma, wayar a kashe. Shi ya sa ya yi sammako ya zo ya sanar da ita, ya tarar da abin da ya tarar.

Yana kakkaɓe wando ya ji jan takalmi a matakala. A hankali Inna take hawowa, taka ɗaya hutu ɗaya, hannunta a kan gwiwa. Da ta kai ta biyar ta tsaya a bakin ƙofa, ta dubi akuyar, ta dubi buhunan, sannan ta dube shi. Babu alamar kunya a fuskarta. In ma akwai wani abu, to irin kallon da ake yi wa wanda ya saɓa alkawari ne.

"Auta, ba ka yi waya ba," in ji ta.

Bai iya gaishe ta yadda ya kamata ba. Ya tambaye ta tun yaushe, ta ce masa tun sati na uku da tarewa, wato shekara huɗu ke nan. Ɗan ɗakin bulo mai rufin kwano da ke bakin titi, wanda ta ce masa na ajiyar tarkace ne har ya yi ta mita ya ɓata fuskar gida, a nan take kwana, a nan take wuni. Albasar ta maƙwabciyarta ce, wadda ta gano cewa a falon Dakta albasa tana wata biyar ba ta ruɓe ba. Akuyoyin na Magini ne, tsohon da ya gina mata ɗakin kwanon. Kayan jariran na matar tela ne. Duk ranar da ya yi waya ya ce yana tafe, a ƙarshen wata, sai unguwa ta tashi tsaye: a kwashe, a share, a shimfiɗa darduma, a rataye lambar yabo, ita kuma ta hau ta zauna a kujerar hutawa tana jiransa. Awa biyu yake yi ya tafi. Ta ce awa biyu ba ta kashe mutum.

Tambayoyi sun cika masa ciki, amma agogo ya ce tara saura, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ya haɗiye su, ya faɗa mata batun kwamiti da Gilashi da kwas ɗinsa. Yana magana yana kallon ƙasa, don ya san abin da yake roƙo. Inna ta saurara har ya gama, ta tambayi mutum nawa ne, ya ce za su kai talatin. Ta leƙa ta taga ta ƙwala wa mai albasa kira.

Abin da ya biyo baya ya fi duk wani aikin gini da ya taɓa sa wa ido tsari. Ba wanda ya tambayi wani me zai yi. Mai albasa, mace mai jiki da ƙarfi, ta iso da baro biyu da 'ya'yanta mata. Magini ya yi fito sau ɗaya, baƙar akuyar ta bi shi kamar amarya. Matar tela ta kwance igiya, ta ɗauki kaza da kwanonta da ƙwanta a tafi ɗaya. Aka wanke daɓe, aka janyo kujeru daga ƙarƙashin tamfal, aka hura turare har ido yana yaji. Dakta ya yi yunƙurin taimakawa sau biyu, sau biyu ana ce masa ya matsa yana tare hanya. A ƙarshe mai albasa ta miƙa masa lambar yabonsa, wadda aka zaro daga ƙarƙashin gadon Inna, ta ce ya riƙe wannan tunda shi ne aikin da ya iya. Minti arba'in aka yi. Da ya duba falon, sai ga hoton mujalla sak.

Bas ɗin jami'a ya tsaya sha ɗaya da kwata. Ɗalibai suka zubo da littattafansu da wayoyinsu, sai Gilashi cikin baƙin tabarau, yana taka ƙasa kamar za ta shafa masa wata cuta. Farfesa ce ta sauko a ƙarshe. Ta tsaya a gindin matakalar nan biyar ta daɗe tana dubansu, sannan ta hau da sanda da addu'a. Dakta ya yi saurin bayyana cewa ya ɗaga gidan ne saboda ambaliya. Ta ce ta gane, gwiwarta ma ta gane.

Da aka shiga, sanyin ɗakin ya rufe bakin kowa. A waje rana tana dukan ƙeya, a ciki kuwa kamar an shiga randa. Wani ɗalibi ya fito da ma'aunin zafi ya karanta, aka yi ta jinjina kai. Gilashi ya zagaya yana neman inda aka ɓoye na'ura, bai samu ba, sai ya koma shaƙar hanci. Ya ce yana jin wani ƙamshi kamar na kasuwa. Inna, wadda ke zaune a kujerar hutawa cikin sabon mayafi, ta ce ai ƙasar da aka yi tubalin ce haka, ƙasa mai kyau albasa-albasa take yi. Ɗalibai uku suka rubuta.

Daga nan Inna ta karɓi taro. Ta nuna musu ramukan da ke saman bango, ta ce iska mai zafi ta nan take fita, mai sanyi kuma ta ƙasa take shigowa. Ta ce bango mai kauri yana shanye zafin rana ya riƙe sai dare ya sake shi. Ta ce gidan ya juya wa titi baya ya fuskanci lambu don a samu natsuwa. Dakta ya gane kalmominsa ne, har da inda yake dakatawa ya ja numfashi. Shekara huɗu yana zuwa yana yi mata wannan karatu a kan shayi, ashe haddacewa take yi. Tana faɗa tana murmushi kamar 'yar firamare ranar ba da kyauta, hannunta ɗaya kuwa yana ƙarƙashin mayafi yana murza gwiwar da ta hau matakala sau shida tun safe saboda shi.

Akwai wata ɗaliba da ke zama a layin gaba, wadda in Dakta ya yi tari ma sai ta rubuta. Ita ce ta ɗaga hannu cikin ladabi. Ta ce Malam ya koya musu kada su ja layi sai sun zauna da mai ɗaki, tana so Inna ta faɗa musu zama nawa suka yi da shi kafin ya zana gidan, don su san adadin da ya dace.

Inna ba ta ko ƙifta ido ba. Ta ce ai ba sa ƙirguwa, ya tambaye ta har ta gaji. Biro talatin suka sunkuya a kan takarda.

"Ko sau ɗaya," in ji Dakta.

Bai san muryar za ta fito ba sai da ya ji ta. Biro suka tsaya. Ya ce a birni ya zana gidan, a ofis, cikin wata uku, kuma abin da ya tambaye ta kawai shi ne launin labule, shi ma bai bi zaɓinta ba. Ya ce ba a nan take zaune ba. Ya ce wa shugaban sashe hancinsa bai yi ƙarya ba, albasa ce, buhu ashirin, suna bayan katangar tela yanzu haka.

Daga nesa aka ji kazar matar tela tana kyarkyara. Gilashi ya cire tabarau, abin da ba a taɓa gani ba, don ya more kallon da kyau. Inna ta juyo ta dubi ɗanta, ta ce shekara huɗu tana rufa masa asiri da mutanen unguwa guda, shi ya zo ya tona da bakinsa a minti ɗaya, halin ubansa ke nan, Allah ya jiƙansa, bai taɓa iya cinikin ƙarya ba. Farfesa ta dogara sanda ta miƙe. Ta ce tunda mai gida ba a nan take ba, a kai ta inda take.

Ɗakin kwanon bai ɗauki mutum takwas ba, sauran suka yi cincirindo a ƙofa da taga. Gado biyu ne a ciki, da tabarma a naɗe, da rediyo, da tulin kwanuka. Ƙofarsa a buɗe take ga titi, ba matakala, ba dokin ƙofa, kuma a jikin bangon waje Magini ya yi dakali mai tsawo wanda zama ya sa ya yi sulɓi. Zafi kuwa kamar tanda. Mai ma'auni ya karanta, ya ce ya fi can zafi da digiri tara. Inna ta ce ba sai an auna ba, fatarta ta riga na'urar sani. Da azahar ma takan lallaɓa ta hau can ta yi barci tsakanin buhuna, don gaskiya yaron ya iya sanyi.

Farfesa ta zauna a bakin gado ta tambaye ta, to me ya kore ta. Inna ta gyara mayafi. Ba ta dubi baƙuwar ba, ɗanta ta duba.

"Ya auna iska, ya auna rana, ya auna ruwan sama. Da ya zo kaina sai ya ƙirga mutum ɗaya. Gado ɗaya, kujerar hutawa ɗaya tana kallon lambu. Ni tun da aka haife ni ban taɓa kwana ni kaɗai a ɗaki ba, sai a gidan nan. In na zauna ba na jin komai sai bugun zuciyata. Na ce yaron nan kabari ya gina mini mai taga."

Wani ya yi dariya ya haɗiye. Inna ta ci gaba da murya ɗaya, kamar tana ba da labarin wata. A sati na uku, da hantsi, ta fito za ta ɗebi ruwa a tanki ta zame a matakalar baya. Ta yi kira, bango mai kauri ya shanye kiran kamar yadda yake shanye zafi. Tana nan kwance a lambu har rana ta take, sai da mai albasa ta zo aron rariya ta same ta. Washegari ta kira Magini. A nan bakin titi, in ta yi atishawa mutum uku ne ke amsa mata. Gado na biyu na duk wadda ta yi faɗa da miji ce, ko wadda jikoki suka isa, kuma bai taɓa kwana ba kowa ba.

Dakta ya tambaye ta me ya sa ba ta faɗa masa ba. Ta ce a lokacin ne aka ba shi lambar, ya zo da ita a rungume yana washe baki kamar ranar da ya fara tafiya, wace uwa ce za ta ce masa komai.

Magini, wanda ke tsaye a taga, ya yi gyaran murya ya ce a faɗi gaskiya duka. Bara waccan da ruwa ya cinye layin nan, har ɗakin da ya gina da hannunsa, a kan matakalar nan biyar unguwa ta tsira. Mutum sittin suka kwana uku a falon, suna shan ruwan tanki. Ya ce gini dai ginin kirki ne, bai taɓa ɗora tubalin da ya kai shi ba. Baya kawai ya ba mutane, kuma ko surukinka ne ya ba ka baya ba ka daɗewa a wurinsa.

Ɗalibai suka fara motsi. Ɗaya ya ce ai matakala tana iya zama gangare. Wata ta ce a tambayi Inna tukuna. Kafin a ankara sun kewaye tsohuwar da mai albasa da matar tela, suna tambaya suna rubutu, wasu sun ja tef suna auna dakalin. Mai albasa ta ce duk abin da za a yi kada a taɓa mata kusurwar gabas. Ba wanda ya nemi ra'ayin Dakta. Ya tsaya a rana da kwat ɗinsa mai tabon akuya, yana kallon darasi mafi kyau da aka taɓa yi a kwas ɗinsa, ba shi ke koyarwa ba.

Da za a tafi, Gilashi ya dafa kafaɗarsa da fara'ar da bai taɓa nuna masa ba, ya ce kada ya damu, a ɗakin kwamfuta ma ana buƙatar mai kula da tagogi. Farfesa ta jira har ya shige bas. Ta ce wa Dakta ta ga gine-gine masu lambar yabo da yawa, kuma a mafi yawansu akuya ma ba za ta yarda ta zauna ba, don haka bai faɗi warwas ba. Ba ta ce kwas ɗin ya tsira ba. Ta ce sai bayan mako shida za ta rubuta rahotonta, kuma kafin ta rubuta za ta dawo, ita da ɗaliban da wannan gwiwar, gwiwar ce za ta ba da maki.

Bai bi bas ɗin ba. Titi ya koma yadda yake, mai albasa ta fara turo baronta. Inna ta zauna a dakali ta cire sabon mayafin ta ninke. Ya zo ya tsuguna a gabanta, ya daɗe yana wasa da tsakuwa, sannan ya tambaye ta, da za a fasa ƙofa, a ina take so.

Ta dube shi ta ga ko ba'a yake yi. Sai ta miƙa masa hannu ya tashe ta. Ta ja shi zuwa bangon gidan da ke fuskantar titi, dogo, sumul, ba taga ba ƙofa, wanda ya sa aka sake yaɓensa sau uku kafin ya gamsu. Ta tsaya a tsakiyarsa daidai, ta buga shi da tafin hannu. Ta ce nan, da gangare har ƙasa, da dakali hagu da dama.

Ya laluba aljihu, ba fensir. Matar tela ta miƙo masa gawayi daga murhunta. Ya ja layi daga ƙasa zuwa sama, ya ƙetara, ya sauko, baƙi ƙirin a kan jan yaɓe. Magini ya matso yana shafa gemu, ya ce bangon nan sai ya ci masa kwana biyu. Inna ta ja da baya ta karkata kai tana dubawa.

"Ƙara faɗi," ta ce. "Ba ni kaɗai zan shiga ba."

Ya goge layin da hannun kwat ɗinsa, ya matsa taku ɗaya, ya sake ja.